Kibiyar da ta ɓata a daji: hanyoyin sauƙaƙa gano ta bayan harbi

Da zarar an kammala girbi a yankin Potiskum da ke Jihar Yobe, aka kwashe gero da dawa da wake zuwa rumbuna, gonaki kan koma hannun wasu masu amfani da su: makiyayi mai neman kara da harawa, mata da yara masu tsintar itace, sai kuma mafarauci da karnukansa. Daga unguwar Yindiski zuwa ƙauyukan da ke kan hanyoyin Fika, Nangere da Damagum, ƙasa ɗaya dukkansu suke takawa, yawancinsu da silifa, wasu ma ba takalmi.

Bindigar gargajiya ta karɓe wani kaso mai yawa na aikin farauta, amma kwari da baka ba su bar dajin Arewa ba. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa da dama, kuma har yau maƙera na ƙera kibau. Kowane maharbi ya san ba duk kibiyar da ta bar tsirkiya ce ke komawa cikin kwari ba. Shi a wurinsa asarar kuɗi ce da ta lokaci. Ga wanda zai taka ta bayan wata guda, lamarin ya wuce nan, musamman in an shafa mata dafi.

Dalilin da ya sa take da wuyar gani

Kibiyar ƙasar Hausa da maƙwabtanta ƙira ce mai sauƙi. Maƙeri ya ƙera ƙarfe mai tsini da kunne ɗaya ko biyu, a soka shi cikin kyauro, a ɗaure bakin da jijiya ko zare don kada ya tsage, a yanka 'yar tsaga a gindi inda tsirkiya za ta zauna. Galibi ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, saɓanin kiban Turai, Asiya da na wasu al'ummun Gabashin Afirka. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke riƙe ta a miƙe cikin iska, kuma hakan ya wadatar domin maharbin nan ba daga nesa yake harbi ba. Laɓe da sanɗa ne jarinsa. Abin da ya sa ke nan ake ganin wasu da kan burtu ɗaure a goshi, suna tafiya a duƙe har su kusanci dabba.

To amma kyauro ciyawa ne. In ya faɗa cikin busasshiyar gamba ko kyasuwa a watan Disamba, cikin danginsa ya koma: launi ɗaya, kauri ɗaya, ƙyalli ɗaya. Babu gashi mai launi da zai tona asirinsa. Ƙari a kan haka, kibiyar da aka harba wa zomo ko gada ba daga sama take sauka ta kafe a tsaye ba. Kusan a kwance take isa ƙasa, ta kutsa ƙarƙashin ciyawar da ta kwanta ko cikin rairayi, ta yi ta sulalewa har ƙarfinta ya ƙare. Mutum zai iya tsayawa a kanta bai gan ta ba. Wani lokaci kuma ta daki dutse ko tushiya ta karkace, ta tafi wata nahiya dabam da inda ido ya raka ta.

In aka cinna wa dajin wuta daga baya, kamar yadda aka saba da rani, kyauron zai ƙone ƙurmus, ya bar ƙarfen shi kaɗai, baƙi cikin baƙar toka. A nan ta zama allura cikin ruwa.

Game da dafin, ba a bukatar dogon bayani ga mutanen wannan yanki. Babban sinadarinsa a ƙasar Hausa shi ne 'ya'yan kwankwani, tsiron da masana kimiyya ke kira Strophanthus, kuma kai tsaye zuciya yake nufa. Likita John Kirk, wanda ya raka David Livingstone tafiyar kogin Zambezi tsakanin 1858 da 1864, ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan burushin haƙoransa ya gogi irin wannan dafi a cikin jakarsa. Daga samfurin da aka kai Birtaniya ne Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya gudanar da bincike, har ya gabatar da shi a matsayin maganin ciwon zuciya a 1885. Kaɗan magani ne, da yawa ajali. A Burmi, da ke Jihar Gombe ta yanzu, a yaƙin ranar 27 ga Yuli, 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan rundunar Turawa. Irin wannan sinadari ba ya saurin lalacewa in ya bushe, shi ya sa ma'aikatan gidajen tarihi ke taka-tsantsan da kiban da suka shekara da yawa a ajiye. A dajin Yobe kuwa, daga Oktoba har zuwa Mayu ko Yuni babu ruwan saman da zai wanke ƙarfen. Ko da babu dafi, tsinin da ya yi tsatsa cikin ƙasa mai kashin dabbobi hanya ce ta kamuwa da tsinkau-tsinkau, cutar da ke sandarar da jiki ta ƙulle haƙora.

Launi da haske

Hanya mafi araha ita ce a raba kibiya da kamannin ciyawa. Ana shafa fenti, ko a naɗa zare mai launi, a kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarshen kyauro, wato wajen gindi, domin shi ne sashen da ya fi saura a waje idan kai ya nutse. Tambayar ita ce wane launi.

Mutane da yawa ja za su fara ɗauka, amma ja ba shi ne zaɓi mafi kyau ba. Da rana yana iya sajewa da jar ƙasa da busasshen ganyen kalgo, da almuru kuma shi ke fara mutuwa a ido. Wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Purkinje ya bayyana wannan tun farkon ƙarni na 19: idan haske ya ragu, idon ɗan Adam kan ga ja tamkar baƙi, alhali shuɗi da kore na ci gaba da fitowa. Rawaya kuwa launin dajin ne kansa da rani. Abin da ya rage shi ne fari tas, ruwan hoda mai kauri, da shuɗi mai haske, domin babu irinsu a busasshen daji. Zobe biyu masu saɓanin launi, misali fari da ruwan hoda, sun fi launi ɗaya jan ido, tunda daji bai cika yin ratsi a jere ba.

Maharbi zai ce, to ai dabbar ma za ta gani. Damuwar na da tushe, amma ba duka ba. Binciken da aka yi kan idon shanu, tumaki, awaki da barewar Amurka ya nuna cewa nau'i biyu ne kawai na ƙwayoyin ganin launi a idonsu, ɗan Adam kuwa uku gare shi. Suna ganin shuɗi sosai, amma ja, ruwan goro da ruwan hoda ba sa fitowa a idonsu yadda suke fitowa a namu. Wannan ne ya sa mafarautan Amurka ke sanya riguna ruwan goro mai ƙyalli don kada su harbi juna, ba tare da sun kori barewa ba. Ke nan ga mai farautar gada ko barewa, ruwan hoda ya fi shuɗi dacewa. Tsuntsaye lamarinsu daban ne. Zabo da fakara sun fi mutum ganin launi. Maganin wannan bai wuce ƙyalle ko fata da za a rufe bakin kwari da ita ba, ya zama kibiya ɗaya ce tak a waje.

Fari na da wani amfani na biyu da gogaggun maharba ba za su raina ba. Kibiyar da ta ratsa dabba ta faɗi, ko ta zare daga jikinta, labari take ɗauke da shi, kuma a kan farin fenti ya fi karantuwa. Jini ja mai haske da kumfa alama ce ta huhu, dabbar ba za ta yi nisa ba. Jini mai duhu na nuna hanta. Kore-kore mai wari kuwa tumbi ne ko hanji, kuma bin sawun irin wannan dabba da gaggawa na ƙara tura ta nesa ne kawai. Kyauron da aka tsinta fes babu jini ya hutar da mutum bin sawun banza.

Sai dare. A nan Potiskum na da wani abu a hannu da bai kamata a tsallake ba. Gari ne na manyan motocin dakon kaya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana matsa wa masu tireloli lamba su manna sitika mai mayar da haske a baya da gefen motocinsu. Irin wannan sitika ba ta watsa haske ko'ina kamar farin fenti. Tana mayar da shi ne daidai inda ya fito. Ɗan siririn yanki da bai kai faɗin yatsa ba, in aka zagaya shi a gindin kyauro, zai yi walƙiya daga nesa da zarar tocila ta haska shi. Sharaɗin shi ne tocilar ta kasance kusa da ido, a goshi ko a riƙe ta daidai kunci. Wanda ya riƙe ta a ƙugu, hasken ƙugunsa zai koma. Ragowar da masu manna wa motoci ke zubarwa ta isa kwari guda. A ganina, cikin duk dabarun da ake ambata, wannan ce ta fi dacewa da aljihu da yanayin maharbinmu, domin kibiyar da ta gagara ganuwa da la'asar sau da yawa ta fi sauƙin samu bayan isha'i.

Akwai dai gargaɗi ɗaya. Tunda kibiyar ba ta da gashi, daidaiton tafiyarta ya dogara ne kacokan ga rinjayen nauyin gaba. Duk abin da aka ƙara a baya yana rage wannan rinjaye. Fenti shafa ɗaya da sitika zagaye ɗaya ba za su yi illa ba, amma tulin salatif ko doguwar igiya mai lilo za su sa ta yi wutsiya a iska. Gwajin ba wuya: a ɗora kibiyar a kan yatsa kafin a yi mata ado a ga inda take daidaita, a sake ɗorawa bayan an yi. In wurin ya ja baya sosai, a rage. Sannan a gwada ta a jikin tudun ƙasa kafin a shiga daji da ita.

A Amurka, inda farauta da baka babbar harka ce ta kasuwanci, an ɗauki wata hanyar. Ana sayar da gindin kibiya na roba mai ƙaramar fitila da batiri a ciki, irin su Lumenok da Nockturnal. Bugun tsirkiya ne ke kunna fitilar, maharbi ya ga tafiyar kibiyarsa kamar tartsatsi, sannan ta ci gaba da ci na tsawon awa 20 ko fiye. Sai da aka sha muhawara kafin a karɓe ta. Ƙungiyar Pope and Young, wadda aka kafa a 1961 kuma take adana tarihin manyan dabbobin da aka harba da baka, ta daɗe ba ta amincewa da duk wata na'urar lantarki a jikin baka ko kibiya, sai a 2014 ta sassauta kan wannan fitila. Jihar Idaho ba ta halatta ta ba sai 2022. Masu adawa na tsoron za ta sa mutane harbi cikin duhu, masu goyon baya kuwa na cewa tana rage yawan dabbobin da ke mutuwa a banza ba a same su ba. Ga maharbin Yobe dai ba ta da wani tasiri a yanzu. An ƙera ta ne don kiban kamfani masu rami a ciki da awo iri ɗaya, kyauro kuwa kowane da kaurinsa, ga kuma tsadar kayan da ake sayowa da dala.

Abin da za a yi bayan an saki tsirkiya

Launi da sitika ba su maye gurbin natsuwa ba. Yawancin kibau na ɓata ne a cikin daƙiƙun farko, lokacin da maharbi ya zabura bin dabba ya manta inda ya tsaya. Kafin ya ɗaga ƙafa, ya kamata ya kafa sanda ko ya ja layi a ƙasa, sannan ya riƙe wata alama da ke bayan inda ya auna, kamar suri, kuka ko tsamiya. Tsakanin sandar da alamar nan layin kibiyar yake. Kuma kusan kullum tana gaba da inda ake zato, saboda sulalewar da take yi.

Wajen nema, bin layin a tsaye ba shi da amfani sosai, domin kibiyar ma a tsayen take kwance ƙarƙashin ciyawa. Gicciye layin ake yi, a je a dawo, ana jan ƙugiya ko reshe mai ƙoshiya a ƙasa har ya kama kyauron ya ɗago shi. Masu wasan harbi a ƙasashen waje kan cire takalmi su laluba da tafin ƙafa. Su kibansu ba kunne ba dafi. Wanda ya kwaikwaye su a nan ya jawo wa kansa. Haka ma laluba ciyawa da hannu. Maganaɗisun tsohuwar lasifika da aka ɗaure a bakin sanda na taimakawa wajen ɗago ƙarfe daga toka ko rairayi, sai dai ba ya ja daga nesa, dole a riga an taƙaita wurin. Kare ma a janye shi daga wurin neman, kada ya riga mai shi isa.

Ga ƙananan namun daji da tsuntsaye, magabata sun riga sun warware matsalar da ƙunda, kibiya mai dunƙulallen kai da ke buge dabba ba tare da ta huda ba. Ba ta kutsawa ƙarƙashin ciyawa, ba ta kafewa a reshen bishiya, in ma ta ɓata ba ta da haɗari. Kamfanin Zwickey na Amurka na sayar da wani kan kibiya mai 'yan ƙafafun waya da ke kama ciyawa su tuntsurar da kibiyar ta tsaya a fili. Manufar ɗaya ce da ta ƙunda. Zomo da zabo ba su bukatar dafi.

Sai dai ga Musulmi, ƙunda na da hukuncinta. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, an bambanta tsakanin abin da makami ya huda da tsininsa da abin da ya kashe da bugu. Na biyun ba ya halatta. Ke nan dabbar da ƙunda ta kayar sai an riske ta da rai an yanka. Kuma fiƙihu ya damu da gano kibiya fiye da yadda ake zato. Cikin ruwayoyin wannan hadisi, an halatta cin dabbar da ta ɓace wa maharbi ya same ta daga baya, muddin babu wani rauni a jikinta sai na kibiyarsa, kuma ba cikin ruwa ya tarar da ita ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin Arewa, ta sharɗanta kada dabbar ta kwana ba a gan ta ba, sannan ta kawo wani ra'ayin da ya sassauta idan an sami kibiyar a makasarta. Mukhtasar na Khalil kuma ya lissafa harbi da makami mai dafi cikin yanayin da shakka ke shiga, domin ba a tabbatar ko rauni ne ya kashe dabbar ko dafi ba. Tafsilin wannan na malamai ne. Abin da ya shafi batunmu shi ne, mutum ba zai ce kibiyarsa ce ba sai in yana iya shaida ta, kuma samun dabba da wuri a yanka ta shi ke kawar da shakkar gaba ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga alamar mai ita. A farautar gayya, inda mutane da dama ke harbin dabba ɗaya, gardama kan wanda ya fara samu tsohuwar aba ce, kuma takan kai ga faɗa. Tsarin launi na kowane maharbi, ko na kowace ƙungiya, na rage wannan. Mutanen San na hamadar Kalahari, a Botswana da Namibiya, sun yi nisa a wannan fanni. Kowa na gane kibiyarsa da ganin ƙirarta, kuma a al'adar wasunsu mai kibiya ne ke da ikon rabon nama, ko da wani ya ba aro ya harba. Kibiyarsu gaɓa-gaɓa ce: in ta sami dabba, kan ya zauna a jiki, kyauron ya saki ya faɗi kusa da inda aka yi harbin, maharbi ya ɗauka ya duba. Dafinsu kuma, wanda suke samu daga tsutsar wani ƙwaro, ba a tsini suke shafa shi ba, a wuyan ƙarfen ne bayan tsini, don kada ɗan ƙarzane ya zama ajalin mai kibiyar ko ɗansa.

Alamar na da wata fuska da wasu maharba ba za su so ba. Kibiyar da ake iya gane mai ita, ana iya tuhumar mai ita idan saniya ta taka, ko aka tsince ta a inda doka ta hana farauta, kamar Dagona da sauran sassan Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da ke arewacin Yobe. A yankin da rikicin manoma da makiyaya kan tashi daga abin da bai taka kara ya karya ba, ina ganin hakan riba ce ga mafarauta masu gaskiya, domin yana raba su da laifin da ba nasu ba. Sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta na da ikon da za su mayar da wannan ƙa'ida ba tare da jiran gwamnati ba: kowa ya ƙirga kibansa kafin fita da bayan dawowa, wanda ya rasa mai dafi ya faɗi wurin, a sanar da mai gona da makiyayan da ke kusa.

Wanda ya tsinci kibiya a gona ko a makiyaya, ya ɗauka tana da dafi ko da ta tsufa. A kama ta ta gindi, a naɗe kan da tsumma mai kauri, a miƙa wa Sarkin Baka ko mai unguwa, kada a bar wa yara su yi wasa da ita. In kuwa ta soki mutum, ba a fizge ta. Kunnuwan an yi su ne don su yaga nama wajen fita, kuma ƙarfen na iya zama shi ke toshe jijiyar da ta huje. Likitocin fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, waɗanda suka daɗe suna karɓar masu raunin kibiya daga sassan Arewa maso Gabas, a ɗakin tiyata suke cire ta. Abin da na kusa za su yi shi ne su tallafe ta da tsumma don kada ta motsa, su hana mai raunin tafiya da ƙafarsa, su garzaya da shi babban asibitin Potiskum ko mafi kusa, su kuma shaida wa likita tun daga ƙofa cewa ana zaton akwai dafin kwankwani, domin a sa ido kan bugun zuciyarsa.